Amsa ga 'yar uwar da ta tambaya kan ranar tiyatar haƙori

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ƙanin naki lafiya. Kin ce haƙorinsa na ƙarshe can ciki ya kwanta a cikin dasashi, an ba shi rana sai nan da wata biyu, shin ku jira ko ku je wani wuri.

Ki fara tambayar likitan shin da allurar kashe wurin za a yi aikin ko sai an sa shi barci, don nan bambancin yake. Na allura a kan kujera ake yi, jiransa ba ya daɗewa sosai, na barci kuwa sai an shiga ɗakin tiyata, kuma sashen haƙori da muƙamuƙi ba kullum suke samun ɗakin ba, raba kwanaki ake da sauran sassa, ga likitan barci ba su da yawa, sannan da an kawo ɗan acaɓa da ya karya muƙamuƙi dole shi za a fara yi wa, naku a ɗaga. In aka shiga yajin aiki kuma kamar na 2021 da ƙananan likitoci suka yi wata biyu, sai dai haƙuri.

Lokacin da na yi jinyar mahaifiyata wallahi ba jiran ne ya fi ƙona min rai ba, rashin bayani ne. Mun zo tun asuba, tsohuwa ba ta ci komai ba tun dare kamar yadda suka ce, tana zaune kan benci riƙe da kunci da gefen mayafi, sai bayan azahar wata nas ta leƙo ta ce yau ba za a yi ba, ba dalili ba komai. Da muka koma muka dace da likita mai kirki, ya ɗaga hoton ya nuna mana inda saiwar haƙorin take kusa da jijiya, ya ce hawan jininta ne ya sa aka ɗaga. Hankalinmu ya kwanta nan take duk da an ƙara mana kwanaki.

Don haka ku gama komai tun yanzu, hoto, gwajin jini, awon suga da hawan jini, ku biya ku adana rasit, ku bar lamba biyu a fayil ku ce in wani ya fasa a kira ku.

Amma don Allah in kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko zazzaɓi ya rufe shi, haɗiyar yawu na gagara, kada ku jira wata rana, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, irin wannan yana toshe numfashi. Kuma kada zafi ya kai shi wurin masu cirewa a kasuwa ko ɗiga ruwan batir, haƙorin da ya kwanta sai an tsaga dasashi, wani lokacin har a ɗan rage ƙashi. In da hali asibitin kuɗi ma ba laifi, ku dai tabbatar likitan tiyatar baki ne zai yi.