Igiyar fitilar banɗaki tana tada min yaro, zan iya canza ta da mai rage haske?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Muna zaune ne a Manchester, makunnin fitilar banɗakinmu irin na igiyar nan ne da ake ja daga silin, kuma duk lokacin da na tashi alwalar asuba na ja shi sai ya yi wani ƙwas! da ƙarfi har jaririna ya farka, ga hasken kamar ya tsone ido. An ce min akwai mara ƙara wanda kuma yake rage haske. Zan iya sa wa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raya mana yaro. Eh akwai shi kuma yana aiki sosai, amma kar ki yi gaggawar saye tukuna sai kin duba abu biyu, fanka da ƙwan fitila, don a nan ne mutane suke asarar kuɗinsu.

Ƙarar da kike ji daga sifirin ɗin ƙarfe (spring) da ke cikin makunnin take, shi kuma silin ɗin allo ne mai rami a bayansa sai ya ƙara mata amo kamar ganga. Sabon kuwa ba shi da wannan sifirin mai ƙarfi, ɗan maɓalli ne kawai da na'ura a ciki, kin ja kaɗan ya kunna, kin riƙe igiyar haske ya dinga raguwa ko ƙaruwa har inda kike so, yawancinsu ma suna tuna inda kika bar shi. A bazara da asuba ke fitowa wajen ƙarfe 3 a Ingila wallahi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

To fankar. Mafi yawan banɗakunan Ingila fankar da ke zuƙe tururi an haɗa ta ne da fitila, kina kunna wuta ta tashi, kin kashe ta ci gaba na wasu mintuna. In haka taki take to kar ki sa dima, wato makunnin rage hasken nan, na gama-gari, saboda dima yana datse wutar da ke wucewa ne, shi kuma motan fanka ba ya son haka, sai ki ji yana gurnani yana zafi, wani lokacin agogon cikinsa ya rikice ko ya ƙone gaba ɗaya. Na taɓa zuwa wani gida na tarar da fanka tana kuka kamar ƙudan zuma, na taɓa murfin na ji shi da ɗumi, ashe dima maigidan ya sa sati biyu da suka wuce. Akwai irin da aka yi musamman da kafar fanka daban, shi za ki nema, ki karanta jikin kwalin da kyau. Ni dai in da fanka a ciki na fi so ki kira ma'aikacin lantarki mai rajista.

Sai ƙwai. In LED ne dole ya zama wanda aka rubuta ana iya rage haskensa, in ba haka ba zai yi ta ƙyaftawa ko ya ƙi mutuwa gaba ɗaya. Doguwar fitilar nan mai bututu da ƙwai mai murɗe yawanci ba sa karɓar dima. Ki kuma duba mafi ƙarancin wat da diman ke buƙata, ƙwai ɗaya mai wat 5 yana iya yi masa kaɗan.

In babu fanka kuma ƙwan ya dace, aikin ba wuya. Ki kashe wutar fitilu daga babban akwatin fis, galibi mai amfiya 6 ne, sannan ki gwada da testa mai baki biyu don ki tabbatar babu wuta, ba wannan sukurdireba mai ɗan haske ba, ita tana yaudara. Kafin ki kwance komai ki ɗauki hoton wayoyin da wayarki. Za ki ga COM da L1, wato ramukan da wayoyi ke shiga a jikin makunnin, wayoyin kuwa a tsohon gida ja da baƙi ne, a gidan da aka yi wa waya bayan 2006 ruwan ƙasa da shuɗi. Ki kula sosai, baƙin ko shuɗin da ke cikin makunni shi ma wuta yake ɗauka, shi ya sa ake sa masa 'yar riga ja ko ruwan ƙasa. Mai kore da rawaya, wato wayar kariya (earth), ki mayar da shi mazauninsa, kar ki yanke shi. Ki ɗaure sukurun a jikin katakon silin, tunda abu ne da za a yi ta ja kullum.

Ki mayar da shi daidai inda tsohon yake. Canza makunni a gurbinsa ba ya buƙatar sanar da hukuma, amma matsar da shi kusa da baho ko shawa, cikin santimita 60, wannan ya shiga dokar Part P ta gine-gine a Ingila. Kuma kar ki taɓa ɗayar igiyar mai ɗan jan haske in kuna da ita, ta shawa ce mai amfiya 45, dima ba ya zuwa wurin ko kusa. In gidan haya ne ki fara faɗa wa mai gidan, ki kuma ajiye tsohon makunnin a durowa don ranar tashi.