Wai kai ma kana son suna irin na Diotallevi

Abokin faɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da mai ɗakinka. Allah ya sauke ta lafiya.

Ƙanwarka ta kunna mini saƙon muryarka bayan la'asar, ita ce kuma take rubuta wannan ina faɗa mata. Da farko dariya na yi har da tari. Da dare ya yi kuma maganar ta hana ni barci. Wai mai gidan da kake haya a garin Pesaro na Italiya sunan gidansu Diotallevi, sunan da ba a cika jin irinsa ba, har ya nuna maka shi a takardun kakanninsa bai taɓa sauyawa ba. Abin ya burge ka. Kana tambaya me ya sa mu ba mu da irin wannan, kuma ko al'ada ta hana ka zaɓi wani suna guda mai daɗi ka rubuta wa abin da za a haifa, ya zama na zuriyarka har abada. Har da cewa kana jin masu irin wannan suna jinin sarauta ne. To, madalla da ɗan boko.

Ni na san sunan nan tun kafin ubanka ya zo duniya.

Lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Kainji, daga 1964 zuwa 1968, Italiyawa ne suka yi aikin, kamfanin Impregilo. Ina saurayi na bar Sabon Birni na gangara can da 'yar takardar shaidar makaranta a aljihu, aka ɗauke ni akawun rajista. Da sassafe ni ke kiran sunan leburori, da yamma in rubuta awannin kowa. A gabanmu aka kwashe mutanen tsohuwar Bussa aka mayar da su sabon gari, ruwa ya zo ya shanye gidajensu da kushewun iyayensu. Duk wata kabila ta ƙasar nan tana wurin, har da bayina Yarbawa, waɗanda ba sa ganin tsagen fuskata su ƙyale ni in wuce lafiya.

A rajistar nan na fara ganin rigimar da kake ciki yau. Ka kira Audu, mutum goma su amsa. Ka ce Audu Garba, huɗu su ɗaga hannu. Turawan nan su kama kai suna surutu da yarensu, mu kuwa ba mu ga abin damuwa ba, sai mu ce Audu Dogo, Audu Yawuri, Audu Mai Jaki, kowa ya san nasa. Haka aka yi a makarantun boko tun kafin mu, malamai suka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu. Daga nan aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sardauna ma Ahmadu Raɓa ake kiransa yana ɗalibi.

Cikin Italiyawan akwai wani dattijo shugaban kafintoci, masu haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki. Mai Lofe muke ce masa, don lofen ba ya barin bakinsa ko da babu wuta a ciki. Mutum ne mai faɗa a kan aiki, amma in azahar ta yi shi da kansa zai daga wa yaransa hannu su je su yi salla. Sunansa na takarda shi ne wannan na mai gidan hayarka. Ni kaɗai ke iya faɗarsa daidai, don kullum ina ganinsa a rubuce.

A 1967 aka haifi ubanka, ana farkon yaƙi. Hanya ta yi nisa, hankali ba a kwance ba, kakarka ba ta sami zuwa gida goyon ciki ba, sai uwarta ce ta biyo mota ta zo. Ranar suna na gayyaci Mai Lofe don ladabi kawai, ban sa rai zai zo ba. Gari bai gama wayewa ba sai ga shi da farar riga a goge, ya cire takalmi da ya ga kowa ya cire, ya zauna a kan tabarma ƙafafunsa sun rasa inda za su shiga. Aka raba goro, aka ba shi fari guda, ya gutsura, fuskarsa ta yamutse, amma ya daure ya haɗiye. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka raɗa suna, aka kayar da rago. Sai maroƙi ya miƙe, wani Bazamfare mai murya, ya ɗaga sunan yaro sama, ya bi da nawa, ya bi da na ubana, da na kakana, da na uban kakana, don tun da dare ya zo ya karɓi jerin a wurina. Da nasa suka ƙare ya haɗa mu da Bawa Jan Gwarzo, wanda Allah ya sani ba mu haɗa komai da shi ba sai zaman Gobir. Ya dai ci sulallansa.

Mai Lofe ya matso ya tambaye ni me mutumin nan yake ihu a kai. Na ce sunayen iyayen jariri ne, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in maimaita masa a hankali. Ina faɗa yana naɗe yatsu, ya ƙare hannu ɗaya ya shiga na biyu. Bai ce komai ba. A lokacin mutane sun fara tashi, kowa ya zo ya miƙo mini hannu ya ce Allah ya raya, wani ya ce Allah ya raya mana, wani ya ce Allah ya raya shi bisa sunna. Ya sake tambaya, wannan kalmar da kowa ke faɗa fa? Da guntun Turancina da guntun nasa na fahimtar da shi cewa roƙo ne, Allah ya rena yaron nan ya girmar da shi. Sai ya cire lofen daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba, ya nuna ƙirjinsa ya ce, sunana ke nan. Da yarensu Dio Allah ne, sauran kuma ya rene ka. Ashe shekarun nan addu'ar suna nake rubutawa a rajista.

Muka koma gindin wata bishiya ana fiɗar rago, ya ba ni labari. Ya ɗaga yatsu uku ya ce nasa lissafin nan ya tsaya: shi, ubansa, kakansa. Bayan kakansa sai bango. Kuma bangon gaske yake nufi. A ƙasarsu a da, gidajen marayu da asibitocin coci suna da wani abu na katako a cikin bango, kamar turmi da aka fafe gefensa ɗaya, yana juyawa. Ruota suke ce masa. Macen da ta haihu ba ta da halin riƙewa, ko don talauci ko don gudun abin kunya, sai ta zo cikin dare ta sa jariri a ciki, ta juya shi ya koma ta cikin gida, ta ja ƙararrawa ta tafi. Na ciki ba su gan ta ba, ita ma ba ta gan su ba. Wata takan raba kwabo ko 'yar lambar wuya gida biyu, ta ɗaura wa yaron rabi ta riƙe rabi, ko Allah zai sa wata rana ta sami halin dawowa ta nuna shaida. Da safe akawu zai buɗe littafi ya ba yaron suna, sannan a nemi mai shayarwa a ƙauye a biya ta. Da yawansu ba sa kai shekara. Kakansa yana cikin waɗanda suka rayu, kuma ba wanda ya taɓa zuwa da ɗaya rabin.

Liman yana kusa, ya ce me Bature ke cewa. Da na gaya masa sai ya yi shiru, can ya karanto ayar nan ta biyar a Suratul Ahzab, inda aka ce a kira su da sunan ubanninsu, in kuma ba a san ubanninsu ba to 'yan'uwanku ne a addini. Ya sa aka ware cinya guda aka ba shi. Bayan 'yan kwanaki Mai Lofe ya aiko da ɗan gadon jariri da ya ƙera da hannunsa, mai lilo, an goge shi sumul. Surukata ta zagaya shi ta ce ita jikanta ba zai kwana a akwati shi kaɗai ba alhali uwarsa na da rai. A ciki kakarka ta riƙa jera kwanoninta har muka bar Kainji.

Na daɗe ina aiki da mutanen nan bayan haka, kuma tun daga ranar ban ƙara jin sunan Ba'italiye na bar shi ya wuce ba tare da na tambayi asalinsa ba. Sunan gida bai zauna musu daram ba sai bayan babban taron cocinsu na Trento, wanda aka rufe a 1563, inda aka wajabta wa kowane limamin coci ya riƙa rubuta wanda aka yi wa wankan shiga addini da wanda aka ɗaura wa aure. Wani ya tashi da sunan sana'ar kakansa, Ferrari ai maƙera ne. Wani da launin gashi, irin su Rossi da suka fi kowa yawa. 'Ya'yan bango kuwa kowane gari da abin da yake kiransu. A Napoli Esposito, wanda aka ajiye a waje, kuma yau babu sunan da ya fi shi yawa a birnin. A Roma Proietti, wanda aka yar. A Firenze Innocenti, da sunan gidan marayun da ya fara karɓar yara a 1445. A Milano Colombo, saboda kurciyar da ke jikin tambarin asibitin. Da abin ya zama tambarin gori, Murat, mijin ƙanwar Napoleon da ya yi sarautar Napoli, ya hana ba da sunan Esposito a 1811. Sai akawuna suka koma ƙirƙira, kowane yaro da nasa sabo, daga sunan dutse ko fure ko duk abin da ya faɗo musu a rai da safen nan. Ka ga ke nan wani sunan ƙarancinsa ba na sarauta ba ne, mutum guda aka yanka wa shi, ba shi da wa ba shi da ƙane. A 1875 aka toshe bangon Napoli da na Firenze, a 1923 aka hana abin a ƙasar baki ɗaya.

Kada kuma ka je ka kalli mai gidanka da wani ido. Diotallevi tun can da sunan yanka ne da iyaye ke sa wa ɗansu na cikinsu don neman albarka, jikoki suka gaje shi. A Rimini, nan kusa da ku, akwai gidan manya masu wannan suna, masu sarauta da dukiya. Inda ya fi yawa ma shi ne yankin da kake zaune, Marche da Romagna, sai Roma. Suna ɗaya, wani daga soro wani daga bango, kuma ba a tambaya. Ubana yakan ce asalin mutum rijiya ce, sha ake yi ba a leƙawa.

Mu ma ai muna da irinsu. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa takan sa wa na baya Ajuji ko Abarshi. Wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa Audi ne. Bayi kuwa da aka raba da iyayensu, da addu'a ko godiya ake kiransu, ka ji Ɗan Rimi Allah Bar Sarki na Kano, mutumin da ya yi ƙarfi a fada ƙwarai. Inda uba ya ɓace a nan addu'a ke shiga ta tsaya a gurbinsa, a can da nan duka. Wanda ya san ubansa kuwa da shi ake kiransa, in ya haihu shi ma a kira ɗansa da shi, kowane uba ya sami rabonsa na ambato. Abin da ke wuce wannan kuma a fuska muke ɗauke da shi. Kakata takan ce Bagobiri ba ya ɓata a kasuwa. Na san an bar tsaga, ban kuma ce a dawo da ita ba, ni ma ban bari wanzami ya taɓa fuskar ubanka ba, aski kawai ya yi masa ya cire beli. Amma da aka bar ta, me aka riƙe? Yaran yanzu ka ce su kirga iyayensu, daga kaka sai su fara susar ƙeya suna duba waya. Mace ta yi aure ta ajiye sunan ubanta ta ɗauki na miji, alhali matan Italiyawan da kuke kwaikwayo da na ubanninsu suke tafiya a takarda har su mutu. Na ji ma a rediyo cewa a 2022 babbar kotunsu ta ce a riƙa haɗa wa yaro na uwa da na uba. Su suna kwance nasu ƙullin, kai kana neman igiya.

Ban ce takarda ba ta da haƙƙi ba. Na san wahalar da ake sha in fasfon uba da na ɗa ba su yi kama ba, akawu ne ni. Amma sunan da za ka zauna ka tsinto don daɗinsa a kunne, wa za a ce ya haife shi? In maroƙi ya tashi ranar sunan jikanka, daga ina zai fara? Suna linzami ne, haka muka ji daga manya, kuma ba a sa wa doki linzamin da ba a san maƙerinsa ba. Wannan gurbi na takarda da ke damunka, ka kira ubanka ku yi magana, don sunansa ne kake shirin saukewa, ba nawa ba.

Ka ce hukumar garin tana ba da kwana goma kafin a rubuta jariri. To bakwai na cikin goma, kada ka yi gaggawar rubuta komai a asibiti. Ragon a nan za a yanka, kai dai ka turo kuɗinsa da wuri kafin su ƙara tsada, ka kuma kira da asuba a sa wayar kusa da liman. Kakarka ta ce a tambaye ka wa zai dafa wa mai jego ruwan wanka a can, kuma ko ana samun kanwa, in babu ta ba wani mai tahowa ya kawo muku.