Tambaya da Amsa: Dole Ne Fim ɗin Ban Tsoro Mai Gajerun Labarai Ya Fito Rabi Da Kyau Rabi Shirme?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina huɗu mun haɗa ɗan abin da muka tara za mu yi fim ɗin ban tsoro mai gajerun labarai biyar, kowa ya rubuta nasa, ya kuma ba da umarninsa. Abin da ya hana ni barci shi ne, duk fim irin wannan da na kalla sai in tarar labari ɗaya ko biyu ne ke kama jiki, sauran cikon benci ne kawai. Na karanta rubuce-rubucen namu, kuma gaskiya biyu daga ciki ba su nuna ba, ɗaya ma na wanda ya fi kowa zuba kuɗi ne. Da na yi magana sai aka ce in kwantar da hankalina, ai minti goma sha biyar ne kowanne, da zarar an yi ba-zata a ƙarshe masu kallo za su manta da sauran. Malam, wannan rashin daidaito dole ne a irin wannan fim, ko asara muke shirin tafkawa?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Damuwarka tana kan hanya, kuma gara da ta zo maka tun kafin a kunna kyamara.

Akwai rashin daidaiton da ba makawa. Duk inda aka jera labarai biyar, mai kallo zai yi musu sahu, na ɗaya zuwa na biyar, ko da duka masu kyau ne. Dole wani ya zo na ƙarshe. Wannan kada ya dame ka. Abin damuwa shi ne labarin da idan ya zo mutum ke ɗaukar wayarsa, domin wanda ya ɗauki waya a labari na biyu da wuya ya dawo maka da zuciyarsa a na uku.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a finafinan ban tsoro shi ne tsoro taruwa yake yi. A dogon fim, ana kashe kusan rabin awa ana sabar da kai da mutanen da gidan da suke ciki, sannan a fara matse ka a hankali har ƙarshe. Sau ɗaya ake biyan wannan farashi. A fim mai labarai biyar sau biyar za ka biya shi. Duk fargabar da labarin farko ya tara, da ya ƙare ta watse, na biyu ya fara daga sifili da sababbin fuskoki. Yi lissafi: minti 90, cire goma na labarin da zai ɗaure sauran, kowanne ya tashi da minti 16. A ciki za a gabatar da mutum, a sa mu damu da shi, a gina fargaba, a kuma warware. Ƙara da daraktoci biyar masu ido biyar da kunne biyar. The ABCs of Death na 2012 ya kai abin maƙura: labarai 26, an ba kowane darakta harafi ɗaya da dala 5,000 aka ce ya yi yadda ya ga dama, kowanne ya samu kusan minti biyar. Inda babu mai cewa a'a, ba abin mamaki ba ne a samu gwaninta da shirme kafaɗa da kafaɗa.

Yanzu bari in zo kan maganar abokanka, domin ita ce cutar da nake gani kusan kullum a rubuce-rubucen da matasa ke kawo mini, kuma ita ce ke cinye kuɗin mutane. Wai gajeren labari ya fi sauƙi, wai ba-zatar ƙarshe tana wanke duk abin da ya gabace ta. Ƙarya ce, kuma raina yana ɓaci da masu yaɗa ta, musamman waɗannan da suka cika intanet suna sayar da darasin koyon fim a kwana uku, su karɓi kuɗin yaro su ba shi tsari ɗaya: mutum shi kaɗai a ɗaki, wuta ta ɗauke, ƙara ta tashi, ashe matacce ne tun farko. Yawancinsu ba su taɓa zama a ɗakin kallo suna sauraron numfashin jama'a ba. Da sun zauna da sun san cewa ba-zata tana aiki ne kawai a kan mutumin da aka riga aka kama. Idan minti goma sha huɗu sun wuce ban damu da jarumin ba, to a minti na goma sha biyar ka ce mini aljani ne, ko gawa ce, ko mafarki yake yi, duk ɗaya ne a wurina. Ban sa zuciyata a kansa ba balle a juya ta.

Gajeren labari ya fi dogo wahala, saboda ba shi da wurin ɓuya. Dogon fim yana iya ɗaukar fitowa biyu ko uku marasa ƙarfi, sauran su rufa musu asiri. A labarin minti goma sha biyar, fitowa ɗaya marar amfani ta ci kashi ɗaya cikin biyar na lokacinka. Jarumin da bai iya ba, babu wani da zai zo ya janye hankali daga kansa, domin sau da yawa shi kaɗai ne a gaban kyamara. Kuskuren sauti ɗaya a daidai lokacin da ake son shiru ya kashe labarin kacokam.

Sannan ita ba-zatar tana tsufa a cikin fim ɗaya. Kamfanin Amicus na Ingila ya yi finafinai bakwai irin wannan tsakanin 1965 da 1974, kuma dabararsu ta kasuwanci mai kyau ce: tunda kowane labari gajere ne, suna iya ɗauko manyan 'yan wasa irin su Peter Cushing da Christopher Lee na 'yan kwanaki kaɗan, su jera sunayensu a fasta. Amma labaran da yawa ƙirarsu ɗaya ce: azzalumi ko maci amana ya yi ta'asa, a ƙarshe abin ya dawo kansa ta mummunar hanya. A labari na farko abin yana ratsa jiki. A na uku mai kallo ya gane wasan, ya daina jin tsoro ya koma cankar yadda za a ƙare. Waɗannan fa ƙwararru ne, da marubuta irin su Robert Bloch a bayansu. Ku biyar kowa ya dogara da ba-zata, me kake tsammani zai faru a labari na huɗu?

Ka kuma lura, abin da masu sayar da darasi ke kira tsoro sau da yawa zabura ce kawai. Buga ƙofa da ƙarfi yana zaburar da kowa, har jariri, kuma bayan daƙiƙa biyar ya wuce. Tsoro shi ne abin da ke sa mutum ya kasa kashe fitila bayan fim ya ƙare. Dubi Kwaidan na Masaki Kobayashi daga Japan, 1964. Labarai huɗu ne a kusan awa uku, ba a yi musu tsawo ɗaya ba, an bar kowanne ya ɗauki lokacin da yake buƙata. Kusan babu zaburarwa a ciki, aikin na launi ne da shiru da sautin da Toru Takemitsu ya tsara, wani lokaci a ga abu ya faɗi amma ƙararsa ba ta zo a inda kunne ke jira ba. Labarin ƙarshe ma an gina shi ne a kan rubutun da marubucinsa bai kammala ba. Fim ɗin ya samu kyautar alƙalai ta musamman a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1965. Ba ina cewa ku yi awa uku ba ne. Ina nuna maka ne cewa wanda ya san aikin bai ɗauki gajarta a matsayin rangwame ba.

Wani reshe na wannan ƙaryar shi ne cewa labari mai ƙarfi zai ɗauki nauyin marasa ƙarfi. Mai kallo ba ya haɗa maki ya raba biyar. Bahaushe ya ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Idan mutum ya fito yana cewa na farko da na ƙarshe ne kawai masu kyau, abokinsa da ya ji zai nemi waɗannan biyun ne ya tsallake sauran, ko ma ya haƙura da fim ɗin.

Akwai bambanci tsakanin labari mai sauƙin nauyi da labari marar kyau, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Dead of Night na kamfanin Ealing na Ingila, 1945, daraktoci huɗu ne suka yi shi, kuma mutane ne da suka taru a ɗaki ɗaya suke ba da labaran bi da bi. Kafin labarinsa mafi tsanani, na mai magana da bakin 'yar tsana wanda Michael Redgrave ya fito a ciki, an sa labarin barkwanci na wasu 'yan wasan golf biyu. Har yau ana gardama a kansa, wasu na ganin shi ne rauni a fim ɗin. Ni ina ganin da gangan aka ajiye shi nan domin jama'a su saki jiki kafin a shaƙe su. Da aka kai fim ɗin Amurka aka cire labarai biyu har da wannan, sai ga mutane zaune a ɗaki ba su ba da labarin komai ba, ƙarshen kuma ya zo da hotunan da mai kallo bai san asalinsu ba. Wannan ya nuna maka yadda aka saƙa su da juna tun daga rubutu. Labarin da ya ɗaure su ma ba uzuri ba ne na tara mutane a ɗaki, shi ne ya fi ba da tsoro a ƙarshe. Mafi yawan masu yin irin wannan fim sai an gama komai suke tuna shi, su ɗauke shi a yini ɗaya a gajiye.

Jeri ma aiki ne. Black Sabbath na Mario Bava, 1963, labarai uku ne daga hannun darakta ɗaya. A Italiya ya rufe da labarin ma'aikaciyar jinya da ta sace zobe daga yatsan gawa, wanda mutane da yawa ke ganin ya fi sauran firgitarwa. Masu rarraba shi a Amurka suka mayar da wannan farko, suka rufe da wanda Boris Karloff ya fito a ciki, suka kuma canja kiɗan. Hotuna kusan iri ɗaya, amma hawan fargabar ya sauya. Shawarata a takaice: buɗe da mai ƙarfi gajere, rufe da wanda ya fi kowanne, kada kuma ka jera biyu masu ƙira ɗaya a jere.

Game da ku biyar, ga abin da zan ce. Babu dokar da ta ce sai biyar. Uku masu kyau a minti 75 sun fi biyar da ake jan biyu a ƙasa. Ku zaɓi mutum ɗaya, ko daga waje ne, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan rubutu da tacewa, ku rubuta wannan a takarda kowa ya sa hannu tun yanzu da ake dariya. Mai ɗaukar hoto ɗaya, mai haɗa sauti ɗaya, edita ɗaya ga duka labaran, domin waɗannan ukun ne ke sa aikin hannu daban-daban ya zama fim guda. Kowane rubutu a gwada shi kamar haka: cire shafin ƙarshe, ba wanda bai san labarin ba ya karanta. Idan bai roƙe ka shafin da ka cire ba, rubutun bai isa ɗauka ba. Shi kuma abokinka mai kuɗi, ka same shi ku biyu, ba a gaban jama'a ba, ka nuna masa cewa kuɗinsa ne ya fi na kowa shiga haɗari idan aka ɗauki labarin a yadda yake. A ba shi lokaci ya sake rubutawa, ko ya riƙe kujerar furodusa, wadda ba ƙaramar kujera ba ce.

Abu na ƙarshe, kuma a nan ba na sassauci. Raina gajeren labari ba ya tsayawa a rubutu, yana bin mutane har wurin ɗauka. Ana cewa ai dare ɗaya ne, ai fitowa ɗaya ce, sai a kunna wuta ta gaske a ɗaki, a sa mutum cikin ruwa, a riƙe ƙaramin yaro har asuba. A ranar 23 ga Yulin 1982, wajen ɗaukar ɗaya daga labarai huɗu na Twilight Zone: The Movie a Kalifoniya, jirgi mai saukar ungulu ya faɗo cikin fashe-fashen wutar da aka shirya, ya kashe ɗan wasa Vic Morrow da yara biyu, mai shekara bakwai da mai shekara shida. An ɗauki yaran aiki ne ba da izinin hukuma ba, a tsakar dare. Kotu ta wanke daraktan, John Landis, da sauran waɗanda aka tuhuma a 1987, amma rai uku sun tafi saboda 'yan mintuna na fim. Wanda ya yi fim ɗin babban kamfani ne mai kuɗi da ƙwararru. Ku da ba ku da ko ɗaya, idan akwai wuta, ruwa, mota, makami ko yaro a wani labarinku, ku ba shi shiri irin na dogon fim: a gwada da rana kafin a ɗauka da dare, a samu mutum ɗaya da aikinsa kawai tsaro ne kuma yana da ikon tsayar da darakta, iyayen yaro su kasance a wurin, a kuma sallame shi da wuri. Fitowar da ba za ku iya yi mata wannan ba, ku sake rubuta ta yadda za a ji abin a bayan ƙofa ba sai an gani ba.