Tallafin rage raɗaɗi: haƙƙi ne ko alfarma, kuma me ya hana 'yan jarida bin sawunsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Unguwar Rogo, Jos. Sau biyu ana zuwa unguwarmu rubuta sunayen mabuƙata, kuma duka biyun an rubuta mahaifiyata, wadda mahaifinmu ya rasu ya bar ta da riƙon jikoki marayu uku. An karɓi lambar NIN ɗinta da lambar waya. Har yau shiru kamar an aiki Bawa garinsu, alhali kullum rediyo na cewa an raba wa miliyoyin gidaje kuɗi. Da na yi ƙorafi sai maigidana ya ce ai kyauta ce, wanda bai samu ba ba rabonsa ba ne, masu surutu kuma duk 'yan adawa ne. Don Allah Malam, wannan tallafi haƙƙinmu ne ko alfarma? Kuma me ya sa 'yan jarida ba sa zuwa su tambaye mu ko ya iso?

AMSA

Wa'alaikumus salam. Malama, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ƙara wa Mama lafiya da haƙurin riƙon marayu.

Maganar maigidanki ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Yadda ake tafiyar da tallafi a ƙasar nan kama yake da kyauta ƙwarai: mai bayarwa ne ke sa rana, shi ke zaɓar mai karɓa, in ya ga dama ya daina ba mai tuhumarsa. Amma abin da ke rubuce daban ne. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaron jama'a da walwalarsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 16 ya fi fito da abin fili, don ya ambaci matsuguni, da isasshen abinci, da albashin da zai riƙe mutum, da kula da tsofaffi da fansho, da agajin marasa aikin yi da marasa lafiya da masu buƙata ta musamman. Tsohuwa mai riƙon marayu uku ba baƙuwa ba ce a wannan jeri.

To ina gizo ke saƙar? A sashe na 6. Can aka hana kotu sauraron ƙarar da ta dogara kacokan kan babi na biyu, wanda waɗannan alkawura ke ciki. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Kundin ya yarda Mama na da haƙƙi, sannan ya rufe mata ƙofar da za ta bi ta neme shi.

Ba ko'ina ake haka ba. A Afirka ta Kudu kundin 1996 ya sa agajin gwamnati ga mabuƙaci cikin haƙƙoƙin da kotu ke iya saurara, kuma tun 1998 ake biyan kuɗin riƙon yara, ga na tsofaffi, duk wata a ranakun da kowa ya sani. Brazil ta fara shirinta na Bolsa Família a 2003, da rajista guda ɗaya ta ƙasa, kuɗin kuma galibi hannun uwa yake shiga, da sharaɗin yara su je makaranta a yi musu rigakafi. Shekaru da dama abin da shirin ke ci bai wuce kimanin rabin kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Kada a ce ai su masu kuɗi ne: Lesotho, 'yar ƙaramar ƙasa matalauciya, tun 2004 take biyan fansho ga wanda ya kai shekara 70. Abin da ya haɗa su shi ne mai karɓa ya san ƙa'idar shiga, ya san nawa ne, ya san yaushe, ya kuma san inda zai kai kuka idan aka tsallake shi.

Namu kuwa da shiri-shiri aka saba. A 2016 gwamnatin Buhari ta fito da shirin ba matasa aiki na N-Power, da ciyar da ɗalibai, da naira 5,000 a wata ga gidajen talakawa. Rancen ƙananan 'yan kasuwa na TraderMoni mai naira 10,000 ya fi tashe ne a kasuwanni dab da zaɓen 2019, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗauke shi kuɗin neman ƙuri'a. Dokar da ta kafa hukumar kula da waɗannan shirye-shirye sai a 2023 aka sa mata hannu, a kwanakin ƙarshe na waccan gwamnati, kuma hukuma ta kafa, ba ta ce wance 'yar wane tana bin gwamnati kaza duk wata ba.

Yanzu mu yi lissafi, tunda ke malama ce. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar a Dandalin Eagle da ke nan Abuja cewa tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kai 617 a Yuli, ta kuma tsallake 1,000 a Oktoban 2024. An saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500. Tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Me aka ba talaka ya riƙe? Da farko aka ce naira 8,000 a wata ga gidaje miliyan 12, jama'a suka yi caa, aka janye. Sai aka dawo da naira 25,000 a wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15, tare da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya. Gida mai mutum shida, raba 25,000 ɗin ga kwana 30 sannan ga kawuna shida, kowa zai tashi da ƙasa da naira 140 a yini. Jimillar wata ukun 75,000 ce, a lokacin da buhun shinkafa ya kai 80,000, wani wurin har ya doshi 100,000. Tsadar ta zo ta zauna, tallafin kuwa wa'adin wata uku aka yanka masa. Wannan fa lissafin wanda ya samu ne.

Kuɗin da aka daina zubawa a mai ba ɓata ya yi ba. Rabon da ake yi wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi duk wata, wanda a da bai cika kaiwa naira tiriliyan 1 ba, ya haura tiriliyan 2 a wasu watannin 2025. Faɗuwar darajar naira ta cinye wani ɓangare, ba musu. Duk da haka gwamnoni sun fi kowa cin moriyar sauyin, su ne kuma aka fi ɗaga wa ƙafa wajen tambaya. Muna ta kallon Abuja mun manta da gidan gwamnatin da ke bayan gidanmu.

Batun rajista kuma nan ne sunan Mama ya maƙale. Akwai rajistar mabuƙata ta ƙasa da aka gina ta hanyar tara mutanen gari su faɗi su wa suka fi talauci a cikinsu. A Yulin 2023 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta ce ba ta amince da ingancin rajistar ba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun kashin kai na wata mata, aka tsayar da shirye-shiryen, daga baya aka ce sai an tantance kowa da NIN. Kowane tsaiko irin wannan, a tukunyar wata tsohuwa yake ƙarewa. Ni dai a ganina kuskuren ya fi rajistar zurfi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, na cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Idan biyu cikin kowane mutum uku mabuƙata ne, zaɓen 'yan kaɗan ya zama caca, kuma mai riƙe da biro shi ne sarki: kansila, shugaban jam'iyya na mazaɓa, ɗan'uwan mai unguwa. Shi ya sa nake goyon bayan ƙa'idar da ba ta buƙatar alfarmar kowa, kamar shekarun haihuwa. Tsufa ba ya ɓuya.

Mu a Arewa mun taɓa ganin irin wannan tunani. Tun 1950 jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ke cewa talaka ba a hannun tausayin masu sarauta ya kamata ya zauna ba. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ba wanda ya bi layi, ba wanda aka ɗauka hoto riƙe da buhu, amma sauƙin ya shiga kowane gida da kowace ruga. Saboda haka ki gaya wa maigida, cikin ladabi, cewa wannan suka ta girmi jam'iyyun yanzu. Ya kuma tuna manyan 'yan takara uku na 2023, Tinubu da Atiku da Obi, duk sun yi alkawarin cire tallafin mai. Tsohon tsarin ma cike yake da sata, kamar yadda binciken majalisar wakilai ya nuna a 2012. Ƙorafin masu ra'ayin ci gaba shi ne an rushe rumfa kafin a kafa wata, ana tsakiyar damina.

Sai 'yan jarida. Ki saurari kalmomin da ake amfani da su: gwamna ya gwangwaje zawarawa da shinkafa, uwargidansa ta share hawayen marayu, sanata ya yi wa mazaɓarsa sha tara na arziki. Duka harshen kyauta ne, kai ka ce daga aljihunsu abin ya fito. Wanda ya shekara yana jin haka safe da yamma, ba laifinsa ba ne idan ya ɗauka alfarma ake yi masa. Labarin kuma a wurin bikin ƙaddamarwa yake farawa, a nan yake ƙarewa. An ce za a raba, an nuna mutum goma suna karɓa, shi ke nan. Komawa bayan wata shida a ƙirga su wa suka samu, wannan ba kasafai ake yi ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Gidajen jarida da rediyo da yawa da tallar gwamnati da ta 'yan siyasa suke rayuwa. Akwai wakilan da albashinsu ke yin watanni bai zo ba, sai ɗan na goro da ake miƙawa bayan taron manema labarai ya zama abin dogaro, kuma bakin da ya ci shi ke godiya. Kwafe sanarwar da mai magana da yawun ma'aikata ya turo ta WhatsApp ba ya cin ko sisi, amma tura wakili ya kwana uku yana bin gida-gida a unguwannin Gangare da Rikkos na Jos yana buƙatar mai da masauki. Filayen siyasa na rediyo kuma sayensu ake yi, sojojin baka su shigo su yabi ubangida su zagi abokin hamayya. Ga tsoro. A Agustan 2022 hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri kan 'yan bindiga, kuma sauran gidaje sun fahimci saƙon.

Ke da kike Jos kin fi ni sanin abin da ya faru a Bukuru a Oktoban 2020, ranar da dubban mutane suka fasa rumbun kayan tallafin korona, har suka yaye rufinsa. Hotunan sun zagaya duniya, kanun labarai suka cika da ɓata-gari da wawaso. Tambayar da ta fi muhimmanci, wato me abinci ke yi a kulle watanni bayan an tsare mutane a gida, ba ta samu rabin wannan fili ba. Haka a Disambar 2024, da mutum 10 suka mutu a turmutsutsun rabon abinci a wata coci a Maitama da ke Abuja, a makon da aka yi irinsa a Ibadan da Okija: muhawarar ta fi karkata ga yadda ake tsara layi, aka bar abin da ya fitar da uwa da goyo tun kafin asuba saboda 'yan mudun shinkafa. Yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 kuwa sun yi kusan wata uku a tsare ba a cika jin ɗuriyarsu ba, sai da wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja a farkon Nuwamba, kyamara ta ɗauka, sannan ƙasa ta farka aka sake su.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Premium Times, Daily Trust, HumAngle, ICIR da WikkiTimes sun sha yin binciken bin sawun kuɗi, ƙungiyar BudgIT kuma na bin ayyukan mazaɓu har ƙauyuka. Matsalar ita ce yawancin wannan aiki da Turanci yake fitowa a intanet, Mama kuwa rediyo take ji da Hausa. Sashe na 22 na kundin nan ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa gwamnati ta amsa tambayar jama'a, amma shi ma a cikin babin nan yake da ba a kai ƙara a kansa.

Game da Mama, fara da gano su wa suka rubuta sunan. Ba kowane rubutun suna ne na rajistar ƙasa ba, wani na ɗan siyasa ne, wani na ƙungiyar agaji, wani ma na 'yan damfara. Ki je sashen walwalar jama'a na sakatariyar ƙaramar hukumarku ki nemi jami'in da ke karɓar ƙorafi kan shirin tura kuɗi, ki tambaya ko gidanta na cikin rajistar. Ki duba ko sunanta da ranar haihuwarta a NIN sun yi daidai da na BVN da na asusun banki, don bambancin harafi ɗaya kan tsayar da biya, ki kuma tabbatar layin wayar da ta bayar yana aiki. Duk wanda ya kira ya nemi lambar sirrin katinta ko lambar da aka turo mata ta saƙo, ɓarawo ne.

Idan kun kai mata goma ko ashirin da abin ya shafa, ku rubuta takarda guda da sunayenku da ranakun da aka rubuta ku, ku nemi wata ƙungiyar farar hula ta aika wa ma'aikatar jinƙai ta tarayya a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ku kai ɗaya gidan rediyo mai filin kiran waya. Ranar da kwamishina ko ɗan majalisa ya shigo filin, ku kira ku tambaye shi gida nawa aka biya a mazaɓarku, a wane wata, kuma a ina aka liƙa sunayen.