Amsar tambayar ruwan rafi da maganin ƙwari

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na ji tambayarki, wai me ya hana a zuba ruwan rafin da kifi ke mutuwa a ciki a na'ura kawai, ta faɗi maganin ƙwarin da ya yi ɓarnar. To, saurara.

Na'ura irin GC-MS, mai tantance sinadaran da ke cikin ruwa, za ta iya lissafo miki magunguna goma a ruwa ɗaya, amma ba za ta ce ga wanda ya yi kisan ba. Shi ya sa ake farawa da abu mai rai. Akwai wata 'yar halitta, ƙumar ruwa, Ceriodaphnia, ba ta wuce milimita 1 ba. A zuba jariranta da ba su kai awa 24 ba a 'yan kofuna, a riƙa ƙirga su har awa 48 ko 96. Yau ki gan su suna ta tsalle, gobe ki tarar sun kwanta a gindin kofi.

In sun mutu, sai a bi tsarin TIE, wato tsarin gano irin gubar da ke cikin ruwa, na hukumar kare muhalli ta Amurka. A raba ruwan kashi-kashi. Wani a sa masa EDTA, sinadarin da ke kama ƙarafa, in gubar ta tafi, to ƙarfe ne, kamar tagulla. Wani a tace shi ta matatar C18, wadda ke kama yawancin magungunan ƙwari. In ruwan ya daina kisa, a wanko matatar da metanol, a ga ko gubar ta dawo.

Amma wanda ya fi burge ni wallahi shi ne PBO, wani sinadari da ake sa wa wani kashin ruwan. Kin ga maganin ƙwari irin diyazinon, sai ya shiga jiki, jikin da kansa ya juya shi, sannan ya zama mugun dafi. PBO na toshe wannan hanyar, sai ki ga ƙumar ta rayu. In kuwa maganin ƙwarin dangin fametirin ne, PBO hana jikin karya shi yake yi, sai mutuwar ta ƙaru. Haka ma in an rage zafin ruwan, dafin dangin fametirin ƙaruwa yake yi. Kin ga tun kafin a kunna na'ura an san gidan da za a nufa.

Daga nan ne a auna yawan maganin da ake zargi da na'ura, a zuba daidai wannan adadin a ruwa mai tsafta, a ga ko zai yi irin wancan kisan.

Sai dai don Allah, in za ki ɗebo ruwan, kwalbar gilashi mai duhu, ba roba ba, ki sa a ƙanƙara, a fara gwajin kafin awa 36. Dangin fametirin manne wa jikin mazubi suke yi.