Rumbu, Juyi da Wutsiyar Haruffa: Amsoshin Wannan Mako

Wani ɗan'uwa mai yi wa alhazai hidima a Makka ya ce a ofishinsu ana kiran ma'ajiyar sunayen baƙi da "ƙa'idatul bayanat", fitar da su kuma "tasdir". Shin Hausa na da nata?

Tana da su, malam. Ma'ajiyar ita ce rumbun bayanai, kuma kalmar ta riga ta zauna. Tambayar da kake aika wa rumbun, a ce a kawo maka alhazan Katsina da suka haura shekara 60, wannan tankaɗe ne. Inda nake ja da jama'a shi ne masu cewa "na ɗebo bayanai". Ɗiba tana rage abu. Wanda ya ɗebi gero, rumbunsa ya ragu, alhali kai ko sau ɗari ka fitar da sunayen nan zuwa Excel, manhajar lissafi da tsara jadawali, na ciki suna nan daram. Malamanmu na zaure suna da kalmar tun kafin a san kwamfuta: juyi. Almajiri ya juya littafin malaminsa, ya mayar da uwar, ya tafi da nasa. To ka ce "na juyo sunayen cikin jadawali". "Fitarwa" ma ba laifi, sai dai ba ta da gishiri.

Wata 'yar'uwa daga Jidda: jadawali Hausa ce ko Larabci?

Aro ce daga Larabci, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Yi amfani da ita, 'yar'uwa.

Wani ɗalibi a Madina ya ce ya juyo sunayen garuruwa, ya buɗe a Excel, sai ya ga Ƙanƙara da Ɓatagarawa sun cika da wasu alamomi kamar rubutun aljanu. Abokinsa ya ba shi shawarar cire lanƙwasar haruffan kawai.

Kada ka kuskura, ɗana. Abokin nan irin mutanen da ke rubuta "kasa" su bar mai karatu ya yi ta duba ko ƙasar haihuwa ake nufi ko gazawa. Tun shekarun 1930 aka shigar da ƙ, ɗ da ɓ cikin rubutun boko, ga shi yau masu digiri na yar da su saboda ƙyuya, har a kan allunan makarantu. Laifin ba na haruffan ba ne. Fayil ɗin CSV, irin wanda aka saba juyo bayanai a cikinsa, rubutu ne tsurarsa, waƙafi ne kawai ke raba gurabensa, kuma sau da yawa ba ya ɗauke da shaidar tsarin da aka rubuta shi. Sai Excel ya yi cinke, ya karanta da tsarin da bai san ƙ ba. Ka juyo da UTF-8, tsarin rubutun da ya san haruffanmu, sannan ka shigar da fayil ɗin ta sashen shigo da bayanai, ka zaɓi UTF-8 da hannunka. Tun da muna nan, lura da lambobin waya: 05 na Saudiyya da 080 na Najeriya, Excel zai cinye sifilin farko idan ba ka ce masa gurbin rubutu ne ba. Lamba kuwa in ta wuce gida 15, sauran sifili yake mayar da su. In da hali, juyo kai tsaye zuwa xlsx, fayil ɗin Excel na kansa, ka huta. Yana ɗaukar layi 1,048,576, tsohon samfurinsa xls kuwa 65,536 ne iyakarsa.

Wani kuma ya tambayi ma'anar "kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi", don maigidansa ya faɗa masa haka da ya nemi goge rumbun bayan ya buga rahoto.

Gatse ne, gargaɗi yake yi maka: in ka goge, kai ka san abin da ka taka. Rahoton hoton ranar da aka buga shi ne kurum, gobe alhaji zai sauya masauki.

Mai tambayar jam'in rumbu: rumbuna.