Waɗanne hanyoyi ya kamata mu zuba wa burji?

Tambaya: Malam, ƙungiyar ci gaban yankinmu a ƙasar Ringim tana son zuba burji tsakanin ƙauyuka 10 da suka kewaye wata fadama, amma kuɗin da muka tara ba zai ishi duk hanyoyin ba. Shin akwai lissafin da ke nuna waɗanda za a gyara da waɗanda za a bari?

Amsa: Akwai shi, ɗan'uwa. Masana lissafi suna ɗaukar kowane ƙauye a matsayin ɗigo, kowace hanya kuma layi ce mai nauyi gwargwadon tsawonta. Tun 1956 wani masanin lissafi mai suna Kruskal ya nuna yadda ake haɗa dukkan ɗigogin da mafi ƙarancin nauyi, sai dai wannan arahar tana da illa. A ce tsakanin kowane ƙauye da maƙwabcinsa kilomita 2 ne. Idan kuka bar hanya ɗaya, kilomita 18 sun haɗa kowa, amma maƙwabtan nan biyu da aka bar hanyar tsakaninsu, waɗanda ke jin kiran sallar juna, da zarar damina ta kankama, sai mai amalanke ya zagaye fadamar gaba ɗaya, wato ninki 9 na tafiyarsa.

Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce wadda masani Althöfer da abokan aikinsa suka wallafa a 1993. Ku fara yanke iyakar zagayen da za ku lamunta, a ce ninki 3. Sai ku jera hanyoyin daga mafi gajarta zuwa mafi tsawo, kuna tambaya a kan kowace: idan aka bi waɗanda muka riga muka zaɓa, shin tafiya tsakanin ƙauyuka biyun da wannan hanyar ke haɗawa ta wuce ninki 3 na tsawonta? In ta wuce, ko ma ba su haɗu ba tukuna, ku zaɓe ta, in ba ta wuce ba ku bar ta. A misalinmu 18 ta zarce 6, wato ninki 3 na kilomita 2, nesa ba kusa ba, don haka hanyar ƙarshen ta shiga.

Da haka babu ƙauyuka biyu da tafiyarsu za ta haura ninki 3 na mafi gajartar tafiyar da za a yi da a ce an gyara duk hanyoyin, kuma ko ƙauyuka 100 ne da hanya tsakanin kowane biyu, wato 4,950, waɗanda za a zaɓa ba za su kai 500 ba.

Sai dai ku kula, lissafin yana ɗauka cewa tsawo shi ne tsada. Gajeriyar hanya mai bukatar kwalbati biyu tana iya fin doguwa cin kuɗi, saboda haka ku sa injiniya ya kimanta kowace kafin ku kira tifa.